Wake, ganye da shinkafa mai dusa: yadda muke girki mu sayar

Ƙaramin kamfanin girki gare ni. Abincin rana muke dafawa irin na gida, mu zuba a robobi a kai wa mutane ofis ko gida, kuma abin da muka tsaya a kai shi ne kayan lambu da wake da hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Ba ma tsunduma abu a cikin mai, ba ma zuba sukari a miya. Duk wanda ya ji haka sai ya ce ai kasuwa ta buɗe mana, tunda yanzu kowa zancen lafiya yake yi. Zancen kam ana yi. Amma mutumin da likita ya tsorata da hawan jini zai yi oda ta farko saboda tsoro, ta biyu saboda kara, ta uku kuwa harshensa ne zai yanke hukunci. In abincin lami ne ya tafi ke nan, kuma ba zai tsaya gaya maka dalili ba. Shi ya sa mafi yawan aikinmu a kicin neman ɗanɗano ne ba tare da mun jingina da gishiri da mai ba.

Gishirin ne ya fi ba mu aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a ciki har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙulen ɗanɗano da abincin gwangwani. Mu ci ɗaya muke bayarwa cikin uku na yini, don haka rabonmu kaɗan ne ƙwarai. A kicin ɗina ba a barbaɗa gishiri da hannu. Akwai ɗan sikeli a gefen murhu, ana ƙirga faranti nawa tukunya za ta fitar, a auna, a zuba. Sabuwar ma'aikaciya takan ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce, "Anti, wannan ai bai ji ba." Nakan ce ta bari a gama tukuna, don abin da zai cike gurbin bai shiga ba.

Abubuwan da ke cike gurbin nan ba baƙi ba ne. Albasa ce da aka bari a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta saki zaƙinta, ba wadda aka jefa a mai aka juya sau biyu ba. Sai tumatir da aka dafa har ruwansa ya tsotse. Nunannen tumatir yana ɗauke da sinadarin gulutamet, wanda wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ke ba romo wannan daɗin mai kama baki, kuma shi ɗin ne dai ake haɗawa a masana'anta a sa a dunƙule. In ka ƙafe ruwan tumatir ka tattara shi wuri guda, ka samu rabin abin da kake nema a dunƙulen. Sai tafarnuwa da citta da masoro, sai kuma lemon tsami a ƙarshe. Abincin da mutum zai ce bai ji gishiri ba, sau da yawa tsami ne ya rasa.

Bari in faɗi yadda muke waken da ya fi fita a wurinmu. Wake kilo ɗaya ake jiƙawa tun dare, da safe a zubar da ruwan a ɗauraye a ɗora da sabon ruwa. Jiƙon yana rage lokacin dahuwa, yana kuma rage wani ɓangare na abin da ke sa kumburin ciki. In jan wake ne mai siffar ƙoda, dole ya tafasa sosai, tafasa mai ɓulɓula, na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, domin ɗanyensa yana da guba da zafi mai ƙarfi ne kaɗai ke kashe ta. Wanda ya dafa shi a wuta lis-lis tun daga farko yana iya kwantar da mutane da amai da gudawa. Yayin da waken ke nuna, a wata tukunyar ana soya manyan albasa huɗu a mai cokali huɗu, a hankali, kusan minti 20. Sai tafarnuwa da citta su shiga na ɗan lokaci, kada su ƙone, don ƙonanniyar tafarnuwa ɗaci take yi kuma ba ta gyaruwa. Sai markaɗaɗɗen tumatir da tattasai, a bar su har mai ya fara tasowa a gefe. Ba a haɗa tukwanen biyu sai waken ya yi laushin da za a murƙushe shi tsakanin yatsu biyu. Wannan ƙa'ida ce da ba na sassautawa: tsamin tumatir yana hana wake nuna, in ka haɗa su da wuri za ka yi ta ƙona gas waken yana nan da taurinsa. Bayan an haɗa sai a ɗebi ludayi biyu a dame a mayar, romon ya yi kauri da kansa ba tare da an sa fulawa ba.

Karas da kabewa da koren tattasai kuwa gasawa muke yi a tanda mai zafin digiri 200. A yanka su girma ɗaya, a shafa musu mai kaɗan, a baza a faranti ba tare da wani ya hau wani ba. In aka cika farantin, tururin junansu ne zai dafa su, su fito jagab ba launi ba ƙamshi. In aka ba su fili, gefensu ya yi ja, zaƙinsu ya fito. Ɗan man nan ma yana da aiki: sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sai da maiƙo yake shiga jiki da kyau. Masu cewa a cire musu mai gaba ɗaya nakan yi musu wannan bayanin, wasu su yarda, wasu su ce dai a cire.

Inda girkin sayarwa ya rabu da na gida shi ne ganye. A gida kana sauke alayyahu ana ci. Mu kuwa tsakanin saukewa da buɗe roba akwai tafiya, kuma a cikin rufaffiyar roba mai zafi abinci bai daina dahuwa ba. Ganyen da ya nuna daidai a kicin, kafin ya isa ya zama lagwaɓ, korensa ya dushe. Don haka muna sauke shi tun da sauran ƙarfinsa, ya ƙarasa a hanya. Turara shi muke yi ko mu juya a kasko, ba ma tafasawa a ruwa mai yawa, saboda bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B ruwa suke bi, in ka tsiyaye ruwan ka zubar da su. Lemon tsamin ma yankansa muke sawa daban a gefe, mai ci ya matsa da kansa. Tsami in ya daɗe a kan ɗanyen kore mai zafi yana mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ido ke fara ci kafin baki. Muna son a matsa ɗin kuwa, don bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi a kan abinci kuma yana rage hakan.

Shinkafa mai dusa ita ce abin da kwastomomi suka fi ja da shi. Tana da tauri a baki, tana cin kusan minti 40 zuwa 45 a wuta, ninkin na fara. Ba ta kuma daɗewa a ajiye, don man da ke cikin dusar yana hamami bayan wasu watanni, shi ya sa ba ma sayen buhu da yawa ko da an yi mana ragi. Amma a wannan dusar da ƙwayar cikin ne yawancin faiba, wato ɓangaren hatsin da ciki ba ya narkarwa, da bitamin B1 suke. Tarihi ma ya nuna: a shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba da ke ƙasar Indonesiya ta yau ya lura kajin da ake ba gogaggiyar farar shinkafa suna kamuwa da ciwo mai kama da beriberi, wato ciwon raunin jijiyoyi da rashin bitamin B1 ke kawowa, in an ba su mai dusa su warware, kuma aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1929. Ba na ba kwastoma wannan labarin a kan faranti. Abin da nake yi, sabon zuwa sai a haɗa masa rabi fara rabi mai dusa, an dafa kowacce daban, har bakinsa ya saba.

Sai batun kuɗi, wanda masu sha'awar shiga sana'ar ba sa son ji. Mutane suna ganin tunda nama kaɗan ne a farantin, ya kamata ya yi arha. Ba sa ganin hannun da ya wanke ganye ɗaya bayan ɗaya, ya fere, ya yanka. Albashin masu yanka ya fi kuɗin kayan da suke yankawa nauyi a littafina. Ga kuma asara: buhun wake zai jira ka, ganye ba ya jiran kowa. Dole sayayya ta zama kaɗan-kaɗan kuma a kai a kai, a rufe karɓar oda tun jiya don a san abin da za a saya yau. Ganye ba a wanke shi sai za a yi aiki da shi, don jiƙaƙƙe ruɓewa yake yi. Ayaba da tuffa da nunannen tumatir suna fitar da wata iska mai sa kayan da ke kusa da su saurin nuna, sai a raba musu wuri da kabeji da ganye. Ɓawon karas da kan albasa da sandar ganye ba sa zuwa shara, tukunyar romo suke shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Mun ɗaukar wa kanmu cewa kowace roba za ta kawo rabin wannan, kuma shi ma awo ake yi. Da ido kawai, ranar da kaya suka yi tsada hannu da kansa yake ƙanƙancewa.

Tsabta kuwa ba ta da rangwame don abinci na kayan lambu ne. Dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a fili: ko dai yana kan zafi sama da digiri 60, ko yana firji ƙasa da digiri 5. Shinkafa ce ta fi ban tsoro a nan, don akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta huce a ajiye ta yaɗu ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Wadda ta yi saura ba ta kwana a tukunya, a baza ta a faranti ta huce da sauri ta shiga firji.

Tambayar da aka fi yi min a waya ita ce ko abincinmu yana maganin ciwon suga. Na san wasu a sana'ar nan suna amsawa da e, kuma oda tana ƙaruwa. Ni nakan ce abinci nake sayarwa, in faɗa wa mutum abin da ke cikin robar da nauyin kowanne, ya kai wa likitansa. Mai ciwon ƙoda ma sai na ce ya tambaya kafin ya fara, domin wake da ganye da tumatir da ke yi wa wasu amfani shi ana iya taƙaita masa su. Wasu daga nan ba sa sake kira, wasu kuma su dawo da takarda a hannu, mu zauna mu daidaita musu farantin.