Talata: Gurbin Shekara Biyu

Tun da sassafe na buɗe kwamfuta na shiga EURAXESS, shafin da Tarayyar Turai ke tara guraben aikin bincike. Wata huɗu ke nan da na kare kundin digirina na uku, kuma kullum da wannan nake fara yini. Fosdok nake nema, wato aikin binciken da mutum ke yi bayan ya zama dakta, kafin ya samu kujera ta dindindin.

Yau hankalina ya tafi kan Jami'ar Fasaha ta Denmak, DTU. Ba yau na fara sha'awarta ba. Hans Christian Oersted, wanda ya gano a 1820 cewa wutar lantarki na karkata allurar kamfas, shi ya assasa ta a 1829, kuma cibiyar Riso, inda aka daɗe ana nazarin makamashin iska, ta koma ƙarƙashinta a 2007. Ni kuwa shekara huɗu na kwashe ina bin diddigin yadda 'yar tsaga ke farawa a fiffiken injin iska, ta yi ta ci a hankali har ta karya shi. Mu a kan guntun da bai wuce kamu ɗaya ba muke gwaji. Su can fiffike sukutum suke ɗaurewa su yi ta lanƙwasawa. Wallahi ina son in ga wannan da idona.

Abin da ke damuna da yawancin guraben nan shi ne kuɗin na wani farfesa ne, tambayar ma tasa ce. Shekara biyu, wani lokacin uku, sai a sake ɗaure kaya. A Jamus har doka aka yi a 2007 da ta ba jami'o'i damar riƙe dakta a kwantiragin wa'adi na tsawon shekara shida. Shi ya sa tallafin Marie Curie, wanda Tarayyar Turai ke ba masu bincike, ke jan raina, domin kai kake rubuta abin da za ka bincika. Sharaɗinsa kada ka wuce shekara takwas kana bincike bayan digirin, kada kuma ka zauna fiye da wata 12 a ƙasar da za ka cikin wata 36 da suka gabata. Na cika duka biyun. A Satumba ake rufewa.

Da rana saƙo ya shigo daga wata jami'a da na nema tun wata uku baya. Layi biyu: sun ɗauki wani. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na kira Malam, wanda ya duba mini kundina.

"Ranka ya daɗe, an sake mayar da ni."

"Ka karanta maƙalun farfesan da ke da gurbin kafin ka nema?"

Na yi shiru.

"To ka ji. Ba takardunka yake son gani ba, so yake ya san ka fahimci inda aikinsa ya cije. Rubuta masa tukuna, shafi ɗaya, kada ka wuce. Wasiƙar shaida kuma bar mini."

Da dare na zauna da maƙalu uku na wata farfesa mai aiki kan fukafukan. A ta biyun akwai jadawalin da tsagarta ke saurin girma fiye da tawa idan danshi ya ƙaru. Da wannan na buɗe wasiƙar, na haɗa da nawa jadawalin, na tambaye ta ko irin danƙon da muka haɗa zaren da ake ƙera fiffiken da shi ne ya raba mu. Ƙarfe goma sha ɗaya saura na tura.