Laraba: Yinin da na yi a gindin tarakta

Ruwan sama mai ƙarfi ya sauka mana daren Litinin, kuma duk manomin da ke wannan yanki na Funtuwa ya san cewa danshin da ya biyo baya ba ya jiran kowa. Saboda haka tun bayan sallar Asuba na tsaya a ƙofar gida ina jiran ɗan ƙanena, wanda shi ne direban taraktarmu, ya tayar da ita ya wuce gonar wani maƙwabci da muka yi wa alkawarin haro tun makon jiya. Ya hau, ya murɗa makulli, sai muka ji ƙas sau ɗaya daga wajen kik, injin kuwa ko motsi bai yi ba. Yau kwana uku ke nan tana mana haka, kuma a kwanaki biyun farko turawa muka yi ta gangaren bayan gida har ta kama.

Taraktar Massey Ferguson 375 ce ƙirar Ingila, mai injin Perkins na dizal mai silinda huɗu, daga cikin jerin da kamfanin ya fara fitarwa a 1986. Mahaifinmu ya saye ta a hannun wani, ni kuma na gaje ta, kuma ba ta taɓa ba mu kunya a kan injin ba. Abin da ya fi damuna shi ne batirin da ke kanta sabo ne, don a cikin ranin nan na saye shi, a lokacin da kowane kwabo ake tara shi domin taki. Na kwana biyu ina zargin wanda ya sayar mini da shi a cikin zuciyata, har na fara shirya abin da zan faɗa masa idan na shiga gari.

Maimakon mu sake turawa, na kira wani dattijo mai gyaran wutar mota da ke cikin gari. Wajen ƙarfe takwas ya iso a kan babur, da ƙaramar jaka a rataye da batir ɗaure a baya. Bayan mun gaisa na ce masa, “Malam, ina ganin batirin nan ne aka cuce ni da shi.” Ya ce, “Alhaji, a bari mu auna tukuna, kada mu ɗauki alhakin mutum.”

Ya ɗora mita a kan batir ta nuna bolt 11.9. Ya bayyana mini cewa cikakken batir mai bolt 12 idan ya huta yakan nuna kusan 12.6, idan ya sauka 12.2 to ya kai rabi, wanda ya yi ƙasa da 12 kuwa a fanko yake. Wannan ya tabbatar da cewa babu wuta a ciki, amma bai nuna dalili ba, domin batir tamkar randa ne, idan aka same shi babu ruwa ana iya cewa ya tsage, ana kuma iya cewa mai ɗebo ruwan ne ya daina zuwa. Ya buɗe murafen ya leƙa, ya ga ruwan gida biyu ya yi ƙasa har faranti ya fara bayyana, sai ya ƙara tataccen ruwan batir, ya kuma gargaɗi yaron kada ya kuskura ya zuba na rijiya. Kawunan batirin duk sun yi farin gari mai kore-kore, ya kwance su, ya fara da na baƙar waya, ya wanke da ruwan zafi, ya kankare har dalma ta fito tana ƙyalli.

Daga nan ya jona nasa batirin, injin ya tashi a bugu ɗaya, ya cire nasa ya bar namu. Mita ta tsaya a 12, aka taka mai kaɗan ba ta motsa ba. Ya ce injin yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 zuwa 14.4, tunda ba a gani ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan injin yana aiki, ba ta ba da komai. Aka kashe, ya danna fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta, da babban yatsa ya ji ya saki fiye da kima, ya sassauta noti ya ja altaneta baya har lotsawar ta koma kamar santimita ɗaya. Na sa rai a nan za a tsaya, amma da aka sake tayarwa lambar ba ta canza ba.

A nan ne yaron ya ce, “Baba, a cire kan batir injin yana aiki mana, idan bai mutu ba ai altaneta lafiya take.” Na sha ganin ana yin haka a garejin ƙananan motoci, shi ya sa ban ga laifin maganar ba. Dattijon ya ƙi sam. Ya ce cire batir a wannan hali yana sa wuta ta yi tsalle ta ƙone na'urar da ke daidaita caji da ƙananan sassan da ke mayar da wutar altaneta irin wadda batir ke karɓa. Sannan a irin wannan tarakta gwajin ba ya nuna komai, domin tsohon injin dizal ba ya buƙatar wuta bayan ya tashi: famfon mai na ƙarfe ne, matsin iska ne ke kunna man, kuma da jan waya ake kashe shi. Wannan magana ta warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato yadda tarakta za ta yini tana haro lafiya ƙalau alhali batirinta yana mutuwa a hankali ba wanda ya sani. Da motar fetur ce da tuni ta tsaya a hanya ta tona asirin matsalar.

Ni a lokacin na riga na sallama cewa sai an cire altaneta, na fara lissafin tafiya Ƙofar Ruwa a Kano neman wata. Sai dattijon ya juya wajen yaron ya tambaye shi ko jar fitilar nan mai hoton batir tana kamawa idan ya murɗa makulli kafin ya tayar. Yaron ya ce ta daɗe ba ta kama ba, tun wajen lokacin da muke jigilar takin gargajiya, kuma shi ya ɗauka alheri ne tunda jar fitila alamar matsala ce. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma ban taɓa koya masa akasin haka ba, ban ma sani ba.

Ashe wannan fitila aiki biyu take yi. Altaneta ba ta da maganaɗisu na dindindin a cikinta, sai an ba ta 'yar wuta ta farko kafin ta fara haifar da tata, kuma wannan 'yar wuta ta cikin ƙwan fitilar take bi, ta sauka ta siririyar waya zuwa bayan altaneta. Idan ƙwan ya ƙone hanya ta yanke. Wani lokaci, in an taka mai sosai, ragowar maganaɗisun da ke jikin ƙarfen yakan isa ta farka da kanta, shi ya sa batirin bai mutu a rana ɗaya ba, ya yi makonni yana samun caji yau gobe ya rasa. Ya auna siririyar wayar da makulli a buɗe bai sami komai ba. Sai ya ɗauko fitilar gwaji, ya taɓa kan batir na jar waya da gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ya taɓa inda siririyar wayar ke shiga, injin yana aiki. Nan take sautin injin ya ɗan nauyaya, mita ta haura 14. Na daɗe ban ji sanyi a raina kamar na wannan lokaci ba.

Da aka buɗe bayan allon mitoci, ƙwan ya yi baƙi ƙirin. Na wat 2 ne, bai kai kan ɗan yatsa ba. Na aiki yaro gari a kan babur, dattijon ya jaddada masa ya sayo mai zare irin na da, domin sababbin ƙwayayen nan marasa cin wuta ba sa barin isasshiyar wuta ta wuce ta tayar da altaneta.

Kafin ya dawo, Malam ya ci gaba da aunawa, kuma na ji daɗin da bai tsaya a nasarar farko ba. A bayan altaneta ya sami 14.2, a kan batir kuma 13.5, ya ce wannan tazara ta yi yawa, akwai inda wuta ke maƙalewa. Ya bi waya har ya kai inda baƙar wayar batir ke ɗaure a jikin ƙarfen tarakta, ya tarar da tsatsa da busasshen laka a ƙarƙashin notin. Bayan ya goge ya ɗaure, batir ya nuna 14.1. Ya kuma kashe komai, ya sa fitilar gwaji tsakanin baƙar waya da kan batir don ya ga ko akwai abin da ke shan wuta da dare, fitilar ba ta kama ba. Kabon ɗin altaneta, wato ƙananan gutsattsarin da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa a cikinta, su kaɗai ya ce sun gajarce, za su iya kai mu ƙarshen damina, amma kada a wuce haka.

Bayan Azahar aka sa sabon ƙwai. An murɗa makulli ja ya kama, injin ya tashi ja ya mutu. Tarakta ta fita ta yi haron gonar maƙwabcin nan har kusan Magariba, na je da kaina na ba shi haƙurin jinkiri.

Game da batirin, Malam bai ɓoye mini ba cewa zaman da ya yi a fanko ya rage masa kwana, domin farantin yakan yi ɓawon da ba ya komawa duka, kuma altaneta ba a yi ta don ta cika mataccen batir daga ƙasa ba. Don haka da aka dawo na sa aka cire shi, yaron ya kai shi shagon caji a gari ya kwana a kan wuta mai sauƙi. Gobe da safe za a bar shi ya huta kafin a auna, idan ya riƙe 12.6 ko kusa da haka za a mayar da shi, kuma na gaya wa yaron cewa daga yau kafin ya tayar da injin ya tsaya ya ga jar fitilar ta kama tukuna.