Ranar da Na Je Kallon Tsere a Auteuil

Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba 10 na hau, ya sauke ni a ƙofar filin tseren dawaki na Auteuil da ke yammacin Faris. Watan Mayu ne, amma sanyi bai san da haka ba, ga shi na bar rigar sanyina a masauki.

Filin nan tun 1873 yake, kuma ba a gudun fili kawai a cikinsa, sai an yi tsallake: shingaye, ramuka, da wani kududdufi a daidai gaban 'yan kallo. Babban tseren da suke yi duk shekara mita 6,000 ne. Duk lokacin da dawakan suka tunkaro ruwan nan sai in ji hanjina ya kaɗa.

A wurin da ake zagayawa da dawaki kafin a hau ne na ga wani jan ingarma, wuya kamar turmi, yana ta haniniya, mutum biyu na riƙe da linzami. Ni da na tashi ina ganin ingarmu a hawan sallah, ban ga abin kallo ba. Dattijon da ke gefena ne ya fahimtar da ni. Ashe a Ingila da Ailan kusan duk dokin da zai yi tsallake dandaƙe shi ake yi, don ya yi sanyin hali, ya daina bin goɗiya da ido. Faransawa kuwa sukan bar wasu da mazantakarsu. In doki ya nuna bajinta a kan shinge, sai a sauke masa sirdi, a mayar da shi barga yana barbarar goɗiyoyi, masu su na biya.

Ya kawo mini misalin wani ingarma mai suna Kapgarde, wanda a nan ya yi gudunsa. Ɗansa A Plus Tard ne ya ɗauki kofin zinare na Cheltenham, babban tseren tsallake na Ingila, a 2022. Tun da aka fara wannan kofi, ingarma ɗaya tak ya taɓa cinsa, Fortina, a 1947, shi ma haihuwar Faransa. 'Ya'yansa biyu suka gaje shi, a 1968 da 1972.

Ni dai ina bayan Faransawa. Dokin da aka gani da ido ya haye shinge, shi ya fi cancanta a nemi irinsa.

Jan ingarman kuwa na huɗu ya zo. Haƙorana na kaɗawa na nufi tasha, ina neman mai shayi.