Godiya ga duk wanda ya sa hannu a bincikena na Lituweniya

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a nan Vilnius, babban birnin Lituweniya, kwamiti kuma ya amince da shi.

'Yan uwa da ke ta tambayata wai me nake yi a ƙasar sanyi, ga amsa. Akwai mutanen da Allah Ya halitta da kaifin ji: haske mai ƙarfi, ƙarar jiniya, wari ko kaushin tufa kan dame su fiye da kowa, kiɗa ko zane mai kyau kuma ya ratsa su har zuci. Ba ciwo ba ne, ba kuma kunya ba ce, hali ne kawai. Elaine Aron da mijinta Arthur Aron ne suka fitar da ma'auninsa a Amurka a 1997: tambayoyi 27, kowace mutum ya ba kansa maki daga 1 zuwa 7. Aikina shi ne gwada ko ma'aunin zai auna gaskiya idan aka ba baligai 'yan Lituweniya shi da harshensu.

Malamata da ta duba aikin, na gode. Ita ta hana ni gamsuwa da jimillar maki, ta tura ni ga binciken da aka yi a Kanada a 2006, wanda ya raba ma'aunin gida uku: saurin rikicewa idan abubuwa sun yi yawa, saurin damuwa da ƙara ko haske, da jin daɗin kyawawan abubuwa. Na gode wa abokan karatuna da suka mayar da tambayoyin harshen Lituweniya, da waɗanda suka sake mayar da su Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce.

Amma babbar godiyata ga waɗanda suka amsa tambayoyin ne, daga Vilnius har birnin Kaunas. Mutanen nan ba su da yawan magana da baƙo. Duk da haka dattijo ya zauna ya faɗa mini ko yunwa na hana shi natsuwa, ko hannunsa na rawa in ana kallonsa yana aiki, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Amsoshinku amana ce a wurina, babu sunan kowa a kundin.

Umma da Baba, addu'arku ce ta kawo ni nan. Allah Ya saka wa kowa da alheri.