Faifai talatin da zanen Inna: yadda muka ƙawata bikin Autarmu

A Sha'aban ɗin bara biki biyar na je cikin mako uku. Kun san Kano in azumi ya ƙarato, kowa so yake ya kai 'yarsa ɗaki kafin a ga wata. Da ƙura ta lafa na zauna ina duba hotunan a waya, sai abin ya ba ni dariya. In kika rufe fuskar amarya da ɗan yatsa, ba za ki iya cewa wannan bikin wance ne ba. Farin labule iri ɗaya, furen roba iri ɗaya, ga kujerar nan mai ruwan zinare da nake zargin ita ɗin ce dai ake yawo da ita daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Hotoro.

Shi ya sa da aka sa ranar Autarmu, ƙarshen Disamba, na sami Inna na ce a bar mini kamu da zaman ƙawaye. Dina ta dangin ango ce, su san yadda za su yi da ita. Na ce ba zan ɗauko masu kwalliyar wuri ba, da hannunmu za mu yi, a tsakar gidanmu na Yakasai. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke dai kada ki ja mana abin faɗa. A ce auta guda aka yi wa bikin ƙwarya da faifai don ba mu da shi." Wannan tsoron nata ba na wasa ba ne, duk wadda ta taɓa aurar da 'ya a cikin gari ta san bakin mata. Sai na yi mata alkawarin in abin bai yi kyau ba kwana uku kafin biki, ni da kaina zan kira mai labule in biya.

Kurmi na fara zuwa, da sassafe, ni da ƙaninmu da zai riƙe kaya. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau lungunanta ba sa ɗaukar mutum biyu a jere in ɗaya na ɗauke da tabarma. Faifai talatin na saya, manya da ƙanana, da mafici goma sha biyu, da tabarmi huɗu, da ƙore. Da gangan na ƙi saye a rumfa ɗaya. In duk saƙar hannu ɗaya ce, launin zai zo iri ɗaya, bangon ya yi kamar na kanti. Na tsinci ja da kore a nan, ruwan goro da baƙi a can, har da wasu biyu da suka ɗan karkace, su ne ma suka fi ba da sha'awa da aka jera. Shawara ɗaya: kada ki ce wa ɗan kasuwa na biki ne sai kun gama ciniki. Ƙanin nawa ya yi suɓutar baki a rumfar farko, nan take "albarka" ta ƙaru.

Bayan amarya kuwa, wurin da kowa zai tsaya ya yi hoto, shi ya fi cin tunanina. Na tuna da wani zanen saƙi na Inna, baƙi mai ratsin fari, tun na lefenta, yana can ƙasan adaka yana ƙamshin kafur. Sai da na yi kwana biyu ina lallashi ta bayar, da sharaɗin ko allura ba za ta taɓa shi ba. Zane ɗaya ba zai rufe bango ba, don haka na sayo farin yadi na auduga a Kantin Kwari, yadi goma sha biyu. A tabbata auduga ce, domin mai roba-roba ba ya shan baba. Dare huɗu muka yi da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta muna ɗauri: a sa ƙwayar wake ɗaya a ƙarƙashin yadin, a tattaro, a naɗe wuyan da zare tamau. Duk inda zare ya kama rini ba zai shiga ba, in an kwance sai ki ga farin zobe. Ɗaurin da ya yi sako-sako zobensa dishi-dishi yake fita, da haka muka gane aikin wace ce mai gyangyaɗi.

Muka kai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ban taɓa tsayawa na kalli aikin da idona ba sai ranar, duk da kusan kullum ta nan nake wucewa. Ruwan baba da toka ne a cikin rami mai zurfi, dattijon yana tsoma yadin yana ɗagowa. Abin da ya ba ni mamaki, in ya ɗago shi kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonki. Yawan tsomawa shi ne zurfin launi. Na ce, "Baba, a yi mini mai duhu, kamar na Buzaye." Ya yi. Da zai miƙo mini ya ce, "Hajiya, ki ɗauraye shi har sai ruwa ya fita fari." Na ce to.

Babban ƙyallen na ɗauraye shi sosai. Ragowar da muka yanka muka yi rigunan matasan zama kuwa, a ruɗun biki na manta. Ranar kamu Gwaggo ta zo da farin leshi sabo dal, ta zauna, ta jingina, ga zufar taro duk da sanyin hunturu. Da ta miƙe za ta yi liƙi, bayanta kamar an zana taswira. Laifina ne ɗari bisa ɗari, mutumin ya faɗa mini. Har yau in na je gaishe ta sai ta ce, "A'a, 'yar marina ce? Bari in canza zane."

Amma bangon ya yi. Kafinta ya haɗa mana firam na siraran katako, muka ɗaure rinannen yadin, zanen Inna muka rataya a tsakiya da mataushin zare ba tare da huda ba, sannan muka ɗinka faya-fayan kewaye da allura da zare mai ƙarfi. Kada a sa gam. Gam na ɓata faifai, kuma bindigar gam wuta take so, ku kuma kun san halin wutarmu. Ɗinki huɗu a kowane faifai ya isa, in an gama biki a tsinke a mayar da shi aikinsa. Da dangin ango suka shigo da turarensu da guɗarsu, aka zauna cinikin kuɗin kamu da ƙawaye, wata tsohuwa a cikinsu ta bar cinikin ta je ta shafa zanen ta ce, "Wannan saƙin ai ya yi wuyar gani yanzu. Na waye?" Na saci kallon Inna, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ba ta sake yi mini zancen mai labule ba.

Zaman ƙawaye, wanda 'yan yanzu ke kira biraidal shawa, kwana biyu kafin kamu muka yi shi a ɗakin sama. Ƙawayen Auta na Jami'ar Bayero suka zo da balan-balan da kambi da ɗamarar nan mai rubutun Turanci. Ban hana su ba, ranarsu ce. Ni dai abu biyu na kawo.

Na farko wasa ne. Na zuba kanumfari, citta, masoro, kimba, daddawa da kuka a ƙananan ƙore, aka ɗaure wa amarya ido da ɗankwali, in ta shinshina ta faɗi sunan. Duk wanda ta kuskure, sai ta ba da labari ɗaya game da ango. Kimba ta kayar da ita, ta ce barkono ne. Daddawa kuwa tun daga bakin ƙofa ta gane ta. Daga nan ƙawayen suka ce su ma sai sun gwada, aka gano mutum uku masu digiri ba su san masoro ba.

Na biyun shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk bikin. Littafi na saya mai kauri, mai bangon kwali, na lulluɓe shi da ƙyallen anko. Wata guda yana yawo gida-gida a cikin dangi, kowace mace ta rubuta girki ɗaya da hannunta, ta sa hannu. Ban yarda a turo ta WhatsApp in kwafe ba, rubutun hannun nake so, har da gogewa da karkatar layi. Anti ta rubuta sinasir, da gargaɗin a bar ƙullun ya tashi kada a yi gaggawa. Gwaggo ta rubuta ɗanwake, ta ja layi biyu a ƙarƙashin "kanwa kaɗan". Kaka ba ta rubutun boko, sai ta faɗa ni ina rubutawa, kuma ban gyara mata ko kalma ba: "Miyar kuka ba a yin ta ana hira. Ki rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗawa, ɗaya na kaɗa maburgi. In ta yi gudaji kada ki ce kukar ce, ke ce." Da na tambaye ta awo, sai ta miƙo tafin hannunta ta ce, "Kamar haka." Na ɗora hannun nata a kan shafin na zagaye shi da biro. Da aka buɗe wannan shafin a wurin zaman, Auta ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar kai ta.

Kayan rabo ma mun kauce wa roba da jota da kalanda mai hoton ango da amarya, wanda ƙarshensa a ƙunshe ƙosai da fuskar ƙanwata. Maƙwabciyarmu 'yar Maiduguri ce, ita ta tsaya mana muka haɗa turaren wuta: icen sandal da kajiji, a narka sukari a kasko, a zuba icen a juya har ya kama, a sauke, in ya huce a zuba madarar turare, a toshe a kwalba. Mako shida kafin biki muka yi, domin sai ya kwanta yake kama ƙamshi. Kwalaben kuwa na mayonis ɗin Bama ne da muka bi gidajen unguwa muka tara, muka jiƙa a ruwan zafi takardar ta saɓule, muka shanya su suka bushe ƙarau. Ragowar ƙyallayen anko na karɓo a wurin tela, muka yanka muka rufe murafen muka ɗaure da zare. Hatimin roba guda ɗaya na sa aka sassaƙa, harafin farko na sunayensu da ranar ɗaurin aure, muka bi ƙananan takardu muna bugawa. Wata ta ce a sa addu'ar aure a jiki, na ƙi. Abin da zai iya ƙarewa a bola ba na sa masa aya ko sunan Allah. Kwalba 120 muka yi, ba ta isa ba, saboda masu "a ba ni na Hajiya, ba ta sami zuwa ba".

Alkaki da nakiya da dubulan a kan faifai muka jera su, an shimfiɗa farar takarda. Zoɓo a babbar ƙwarya da ludayi. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, sai an kankare cikinta an jiƙa ta ta kwana ana sauya ruwa, wannan kam Inna ta tuna mini a kan lokaci. Kunun aya mun bar shi a cikin kula da ƙanƙara, domin ba ya jure zaman taro, nan da nan yake tsami. Lalle kuma na roƙi mai ƙunshi ta fara gwada baƙin a cikin damtsen amarya kwana biyu kafin nan, tunda wanda ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, kuma ba a ranar biki ake son gano haka ba.

Masu tambayata ko ya fi araha, gaskiya da kaɗan ne. Abin da ban ba mai kwalliya ba na biya shi da barci da ciwon baya, wata biyu cur. Da ba mu da yawa a gida, da littafin kaɗai zan yi in ɗauko mai labule ba tare da jin kunya ba.

Zanen Inna ya koma adaka a daren, ita da kanta ta ninke shi. Faifai goma na sa wa Auta a kayan jere. Ragowar ashirin kuwa tun da aka watse suke yawo: an yi suna da su a gidan maƙwabta, an yi walimar sauka, yanzu suna Gwammaja wurin kamun 'yar ƙawar Anti. Sha takwas suka dawo daga aron ƙarshe, kuma na san wadda ta riƙe biyun, don na gan su a kicin ɗinta an rufe tuwo da su.