Soso a bango ba ya tare ƙara: abin da ɗakin ɗaukar waƙa na gida yake bukata

Duk wanda ya leƙa ƙananan sutudiyo da matasa suke buɗewa a cikin gidaje da shaguna a Kano ko Kaduna ko Jos zai tarar da kusan abu ɗaya: an manne soso mai tudu da kwari a bango, wani wurin ma kwalin ƙwai aka jera tun daga ƙasa har silin. Idan aka tambayi mai wurin dalili, sai ya ce don kada kiɗa ya dami maƙwabta, kuma kada ƙugin janareta ya shiga makirfo. Abin da yake damuna shi ne, soso ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, alhali kuwa yawancin masu sayensa da guminsu suka tara kuɗin.

Hana sauti shiga da fita aiki ne daban, gyara yadda sauti yake yawo a cikin ɗaki shi ma aiki ne daban, kuma kayan da suke yin wannan ba su suke yin wancan ba. Abin da yake tare sauti shi ne nauyi da toshe kafa. Masana sun nuna cewa idan aka ninka nauyin bango, abin da yake tarewa yana ƙaruwa da kimanin desibel 6 ne kawai (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka mutum zai iya auna wa kansa abin da soso, wanda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, zai ƙara wa bangon bulo. A gidajenmu ma bangon ba shi ne mai laifi ba, muddin an yi masa filasta ciki da waje. Ɓarnar tana ƙofa da taga da rufi. Kafar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na faɗin bango ba ta isa ta hana bangon tare fiye da desibel 20, komai kaurinsa. Hanya mafi sauƙi ta gano irin waɗannan kafofi ita ce a kashe fitilar ɗaki da rana tsaka, a rufe ko'ina, a duba inda haske yake kutsowa. Duk inda haske ya bi, sauti ma nan yake bi. A sa kafinta ya yi ƙofar katako mai nauyi, a kewaye bakinta da roba har ƙasa, idan da hali a yi ƙofa biyu da ɗan fili a tsakaninsu. Janareta kuma a nisanta shi, a ɗora shi a kan roba mai kauri, domin wani ɓangare na ƙuginsa ta daɓe yake biyowa. Tare ƙara baki ɗaya sai an gina ɗaki a cikin ɗaki, wanda bangonsa da silinsa ba sa taɓa na waje, kuma ba na ba ɗan haya shawarar ya zuba dukiyarsa a nan.

Inda ƙaramin kuɗi yake yin babban aiki shi ne gyaran cikin ɗaki. Wannan ilimi ya samo tushe ne daga Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda a 1895 aka ɗora wa gyaran wani zauren lacca da kalma take ci gaba da amo a cikinsa fiye da sakan 5, har ba a fahimtar mai magana. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure cikin dare yana auna yadda amon yake raguwa, daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi. Ɗakin siminti mai tayil yana da irin wannan ciwo, kuma tafi ɗaya a tsakiyarsa ya isa mutum ya ji yadda sautin yake karkarwa tsakanin bango da bango.

Sai dai abin da ya fi wahala shi ne sauti mai kauri, irin na bes da babbar ganga. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, saboda haka zango ɗaya na sauti mai hertz 100, wato mai karkarwa sau 100 a sakan ɗaya, tsawonsa ya kai mita 3 da ɗoriya, kuma soso mai kaurin yatsa biyu ba abin da zai rage masa. Siririn sauti kaɗai yake shanyewa, sai ɗakin ya dusashe a kunne, kaurin kuma yana nan yana gurnani. Ɗakin da tsawonsa mita 4 ne yana kumbura sautin da ke wajen hertz 43 da 86 da 129 a wasu wurare, ya kusan haɗiye shi a wasu. Wannan ne dalilin da ya sa mai haɗa kiɗa zai gama aiki yana jin komai daidai, amma da an sa waƙar a mota ko a wajen biki sai bes ya danne muryar mawaƙi, ko kuma a neme shi a rasa.

Maganin shi ne alluna masu kauri. Kafinta ya haɗa firam na katako mai zurfin santimita 10, a cika shi da audugar dutse ko audugar gilashi irin ta masu gini, a rufe da yadin da iska take ratsawa idan an hura shi da baki. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, domin audugar tana sa ƙaiƙayi. A fara da kusurwoyi, inda sauti mai kauri yake taruwa, kuma a bar ɗan fili tsakanin allo da bango, domin hakan yana ƙara masa ƙarfin shanye kauri. Sannan mai haɗa kiɗa ya zauna a kujerarsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon dama da na hagu. Duk inda ya hango sifika a madubin, nan allo zai zauna, haka ma a silin. Nisan da ke tsakanin sifiku biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kansa, kuma kada ya kafa kujera a tsakiyar ɗaki cif.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi duk wannan nauyi a wurina. Soson katifa yana kama wuta nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. A Fabrairun 2003 mutum 100 suka mutu a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, bayan tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango don rage ƙara. Ɗakin da aka toshe ko'ina, ga zafin bazara, ga wayoyin lantarki a bayan soso, ga ƙofa ɗaya tak, yana bukatar hanyar iska mai lanƙwasa da aka lulluɓe cikinta da auduga, da tukunyar kashe gobara a kusa da ƙofa, da ma'aikacin lantarki da zai duba wayoyin kafin a rufe su.