Huji na biyu a kunnena

Hujin farko ban san lokacin da aka yi min shi ba. Inna ta ce kwana biyu bayan suna wata tsohuwa a layinmu ta huda ni da allura da baƙin zare, aka yi ta shafa man shanu har ya warke. Na biyun kuwa da ƙafata na je, ina shekara 26, saura sati uku bikin ƙanwata. So nake in sa 'yar barima ƙarama a saman ɗan kunnen da zan sa ranar kamu.

Da niyyar hudawa can saman kunne na fita daga gida. Nas ɗin da na je wurinta ta kama kunnen, ta ce in taɓa da kaina in ji. Ƙasan fata ce mai taushi, jini na zagayawa a cikinta sosai, shi ya sa sati 6 zuwa 8 yakan ishe ta warkewa. Da yatsa ya ɗan haura sai a ji tauri, guringuntsi ke nan. Jinin da ke isa wurin kaɗan ne, hujinsa yakan ɗauki wata 6 har shekara, kuma in ƙwayar cuta ta shige shi tana iya lanƙwasa kunnen har abada. Ta tambaye ni ko a gidanmu akwai wanda tabonsa ke tasowa ya yi tsiro. Akwai: Yayata tana da wani ƙullutu a bayan kunne tun tana sakandare, an yanke ya dawo. Irin wannan tsiron ya fi kama mu baƙar fata, yana kuma bin jini. Nan take na haƙura da saman. Aka ɗiga alama a ƙarshen fatar mai taushi, dab da inda taurin ya fara.

Sabuwar allura nas ɗin ta ɓare a gabana. Wannan kam ba na wasa da shi, domin ciwon hanta ba ya buƙatar jini mai yawa kafin ya tsallaka daga wani zuwa wani. Zafin bai fi na tsinke ba.

Wahalar a gida take, kuma sunanta ɗankwali. Ba wanda ya gaya min cewa bakin ɗauri daidai kan sabon hujin yake sauka. Wuni guda na yi da shi a wurin aiki, na dawo kunnen ya yi ja yana zugi. Sai na koma tura ɗaurin baya, hijabi kuma na zaɓi mai sakin fuska, in cire shi a hankali don kada zare ya sarƙe barimar. Kitso ma sai da na roƙi mai yi ta kauce wa gefen. Barci na koma yi a rigingine.

Wanki sau biyu a rana: rubu'in ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. In wanke hannu da sabulu, in jiƙa wurin gaba da baya har ɓawon ya yi laushi, in tsane. Bayan kowace alwala ma sai na tsane shi, don danshi ba ya yi masa daɗi. Inna ta kawo man kaɗanya, wata ƙawa ta ce in riƙa murza barimar kada ta manne. Na yi musu godiya, ban yi ko ɗaya ba. Murzawar tana yage naman da ke ƙoƙarin haɗewa.

Kuskurena ɗaya ne, ranar kamu. Na cire barimar gwal ɗin da ke sabon hujin na sa ta cikin setin anko don su dace. Kafin magariba ƙaiƙayi ya taso, washegari ruwa na fita. Irin waɗannan 'yan kunnen sau da yawa akwai ƙarfen nikel a cikinsu, fata da yawa ba ta jituwa da shi, balle ɗanyen ciwo. Na koma wurin nas ɗin, ta duba ta ce babu mugunya, ta mayar min da ta gwal, ta ce in fara ƙirgen satina daga farko. Sai bayan wata uku na sake canza ta, a gaban madubi, hannuna a wanke.